Manomin Da Yake Wanke Filtar Motarsa

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye mai nisa da titi. Allah ya sa wa gonarsa albarka shekara uku a jere, sai ya sayi wata tsohuwar akori-kura ya kawo gida. Ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Da ita ake kai masara kasuwa, da ita ake ɗauko taki, ranar Lahadi kuma da ita ake kwaso tsofaffin da ba sa iya takawa zuwa majami'a. Mutumin ba marowaci ba ne, wannan kam sai a ba shi gaskiyarsa. Aibinsa guda ne: in ya riga ya ga abu da idonsa, to, magana ta ƙare, ba mai gaya masa wani abu kuma.

Yana ƙaunar motar nan ƙwarai, har matarsa takan ce da za ta shiga ɗaki, da a ɗaki za ta riƙa kwana. Ba ya yarda bakanike ya taɓa ta sai dole, juye ma da kansa yake yi mata a gida. Juye kuwa, ga wanda bai taɓa riƙe mota ba, shi ne a tsiyaye tsohon baƙin mai daga inji a zuba sabo. Duk bayan wata uku, ranar Asabar da hantsi, sai ya tsayar da motar a gindin mangwaron ƙofar gida, ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashinta da sifana. Ya kwance noti, ya tara tsohon daro, ya jira har ɗigon ƙarshe. Matan unguwa sukan zo da gwangwanayensu su karɓi tsohon man, su shafa wa ginshiƙan rumfa saboda gara. Sa'an nan ya ɗaure notin, ya fasa sabon galan ya zuba. Bai taɓa sayen man kwalba na bakin hanya ba, bai kuma taɓa barin lokacin juye ya wuce ba.

To, a gefen injin akwai wani ɗan gwangwani na ƙarfe, girmansa kamar kofin shan ruwa, ana ce da shi filta. Duk man da ke zagaya inji sai ya bi ta cikinta, ita kuwa ta tare ƙura da ɓarɓashin ƙarfe, ta saki man shi kaɗai. Ranar da mutumin ya fara yin juye ya kwance ta, ya jujjuya ta a hannunsa. Ya ga ƙarfe lafiyayye, ba tsaga, ba huji, ko fentin bai kankare ba. Ya ɗaga kai ya ga matacin kokon matarsa a shanye a kan danga. Ya ce a ransa, matacin nan ya shekara nawa ana tace gasara da shi, a wanke a shanya, gobe a sake ɗauka? Shi da yake ƙyalle ke nan, balle ƙarfe. Sai ya zuba wa filtar fetur, ya girgiza, ya zubar, ya sake zubawa har fetur ɗin ya fito fari. Ya shanya ta kusa da matacin, da ta bushe ya goge bayanta da tsumma har tana ƙyalli, ya mayar. Ya ji daɗin dabararsa, ya kuwa mai da ita al'ada.

A maƙwabta akwai wani dattijon ikkilisiya mai suna Dogara, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa manyan motoci kafin ya dawo gida ya kama noma. Wata Asabar yana wucewa a kan babur ɗinsa sai ya hangi filta a kan danga. Ya tsaya, suka gaisa, ya tambayi me take yi a nan. Mutumin ya ba shi labarin dabarar da murna, har da misalin matacin koko.

Dogara ya ce, "Ɗana, filta ba a wanke ta. Canjawa ake yi."

Ya zauna a kan kututture ya yi masa bayani a hankali. Ya ce abin da yake tace man ba ƙarfen ba ne, wata takarda ce da aka naɗe ninki-ninki a ciki, ba a ganinta daga waje. Dattin da ya shige cikin takardar ba ya fita, ko za a ƙarar da jarka guda ta fetur, fetur ɗin ma sai ya ƙara raunana ta. In ta toshe kuma, akwai wata 'yar ƙofa a ciki da take buɗewa da kanta don kada inji ya rasa mai, sai man ya riƙa bi ta nan ba tacewa, yana kai yashi duk inda ya shiga. Motar za ta ci gaba da tafiya kamar ba komai, tana cin kanta a ɓoye.

Mutumin ya tambaya, to, sau nawa ake son a canja. Dogara ya ce akwai mutanen birni masu bin kwalta da suke canjawa bayan juye biyu, amma su da hanyarsu burji ce, rani ƙura damina laka, duk ranar da aka yi juye ranar ake canja filta. Sabon mai, sabuwar filta, tare suke tafiya.

Mutumin ya yi murmushi irin na wanda yake girmama babba amma bai yarda da shi ba. Ya buɗe gaban motar, ya zaro sandar awon mai, ya miƙa masa.

Ya ce, "Baba, duba da idonka. Mai kamar zuma."

Dogara ya ce, "Yanzu ka zuba shi. Ka sake zaro min bayan mako guda."

Bai sake zarowa don ya nuna masa ba. Ya lura dai man yakan yi baƙi da wuri, amma ya ce masu yin mai ne suka lalace, ba sa yin mai kyau kamar da. Bayan kwana kaɗan Dogara ya je gari, ya sayo sabuwar filta a kwalinta, ya kawo masa kyauta. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har ƙasa, ya raka shi har ƙofar gida. Da ya dawo sai ya sa kwalin a 'yar akwatin da ke gaban kujerar fasinja, ya ce sai ranar da ta jikin motar ta lalace. Haka aka shekara uku, shi yana wankewa, kwalin yana zaune a inda aka ajiye shi.

Mutumin yana da uwa tsohuwa a gidan, sunanta Afiniki. Yanar ido ta rufe mata idanu biyu, tun tana ganin mutum dishi-dishi har ta kai sai dai ta bambanta rana da inuwa. Mace ce mai haƙuri, ba ta cika kuka da halin da take ciki ba. Amma a shekarar nan aka haifa wa ɗan nata 'ya mace, aka sa mata sunan kakar. Tun daga ranar suna, in an miƙa mata jaririyar takan ce abu ɗaya take roƙon Ubangiji, ya bar ta ta ga fuskar takwararta kafin ya kira ta.

Ana nan sai wata Lahadi aka yi sanarwa a majami'a cewa likitocin ido za su zo asibitin babban gari ranar Alhamis, su cire yana kyauta. Yini ɗaya za su yi. Duk wanda yake so sai ya isa kafin rana ta take tsaka a rubuta sunansa, bayan haka ba za a ƙara karɓar kowa ba. Tafiyar awa uku ce a mota. Tsohuwar ta sa aka wanke mata zanenta na zumuntar mata, aka yi mata kitso tun ranar Talata.

Ranar Laraba mutumin ya ce tafiya irin wannan ba a yin ta da tsohon mai. Ko da yake saura mako biyu lokacin juye ya yi, ya shimfiɗa buhunsa ya yi juye. Ya kwance filtar, ya ɗauraye ta da fetur karo na goma sha uku. Matarsa ta ce tun da tafiyar Inna ce, me zai hana a sa sabuwar nan ta Baba Dogara. Ya ce mata ita ta san na murhu, shi ya san na mota. Ta koma aikinta.

Da gari ya waye suka yi addu'a a tsakar gida, ya ɗora mahaifiyarsa a gaba, suka kama hanya su biyu. Motar tana tafiya sumul, tsohuwar tana rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa. Sun ƙetare rafi, sun fara hawan wani dogon tudu, sai wata 'yar jar fitila ta kama a gaban direba. Ya ce wayar wuta ce ta taɓa wata, ai jiya jiyan nan ya zuba mai. Can sai inji ya soma ƙara kamar ana daka a turmi. Tsohuwar ta daina waƙa ta tambaya ko lafiya. Ya ce lafiya lau, ya ƙara taka mai don su gama hawan tudun. Ba su kai ƙarshensa ba motar ta yi wata jijjiga, ta mutu.

Ya murza makulli, ko motsi. Ya fita ya buɗe gaba, ya zaro sandar awo, ya ga mai cike har alamar sama. Ya tsaya yana kallonta, ya rasa gane yadda inji zai buga alhali ga mai a ciki. Wurin daji ne, wayarsa ba ta kamawa, ranar kuma ba kasuwar kowane ƙauye ba ce, don haka ba mota ko ɗaya a hanya. Ya sauko da mahaifiyarsa ya zaunar da ita a inuwar wata ɗorawa. Ita ba ta ganin rana, amma tana jin zafinta yana ƙaruwa a ƙafafunta, ta kuwa san lokaci yana tafiya. Sau ɗaya kawai ta tambaye shi ko inuwa ta fara gajarta. Ya ce da saura, alhali ya ga ta kusa dawowa gindin itacen.

Sai da rana ta take tsaka wani mai keke ya biyo, ya yarda ya kai saƙo ƙauye. Dogara ya iso a kan babur rana ta riga ta karkata. Ko kallon motar bai yi ba. Ya sa aka ɗora tsohuwar a bayansa, aka ɗaure su tare da mayafinta don kada ta zame, ya tafi da ita a hankali. Sun isa asibitin da la'asar, suka tarar ana loda kaya a mota. Ga tsofaffi nan a zaune a baranda da bandeji a ido ɗaya, 'ya'yansu suna yi musu fifita. Dogara ya roƙi mai rubuta sunaye, shi kuwa ya ce ya ji tausayi, amma an rufe tun tsakar rana, kayan aikin ma an ɗaure. Sai dai baɗi in Allah ya kai rai.

Washegari aka ɗaura wa motar igiya, shanun huɗa biyu suka jawo ta har gindin mangwaro. Dogara ya kwance filtar, bayanta yana ƙyalli kamar yadda aka saba. Ya ɗauko zarto ya yanka ta biyu a gaban mutumin. Takardar da ke ciki ta daskare ta zama kamar kwalta, gefe guda kuma ta ruɓe ta yage, guntayenta sun bi mai sun toshe hanyoyin da yake bi cikin inji. Mai yana nan cike a ƙasa, amma ba ya isa inda ake bukatarsa. Dogara bai ce ai na gaya maka ba. Ya ajiye zarton ya tafi wanke hannu.

Tsohuwar tana zaune a kan tabarma tana jin duk abin da ake yi. Ta ce a miƙo mata abin. Ta shafa bayansa, ta sa yatsa a ciki, ta murza abin da ya manne mata.

Ta ce, "Wannan ne kake wankewa?"

Ya ce, "Shi ne, Inna."

Ta ce, "Bayansa kam ya wanku."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi yi masa ciwo. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, mutum mai 'ya'ya biyar. Ita kuwa ta goge yatsanta da gefen tabarma, ta ce a ba ta takwararta. Aka miƙa mata, ta riƙa bin fuskar yarinyar da yatsunta, goshi da hanci da haɓa, ta ce hancin na kakanta ne. Likitocin sun dawo da shekara ta zagayo kamar yadda suka alkawarta, amma tsohuwar ta riga ta huta tun cikin damina.

Ma'anar wannan misali kuwa ita ce, 'yan'uwana: motar nan rayuwar mai bi ce. Sabon mai shi ne maganar Allah da muke karɓa, filta kuwa zuciya ce, wadda duk abin da ya shiga mutum sai ya bi ta cikinta.

Ku lura, mutumin nan ba malalaci ba ne. Da malalaci ne, da misalin bai shafi yawancinmu da muke zaune a nan ba. Shi mai himma ne. A cikinmu akwai waɗanda ba su taɓa fashin sujada ba, su ne a sahun gaba ranar nazarin maganar Allah, in an yi taron farkawa a gari na bakwai sai sun je. Duk mako ana zuba musu sabon mai. Ranar Lahadi da rana in ka zaro sandar awo, mai kamar zuma. Ka sake zarowa ranar Laraba, lokacin da akuyar maƙwabci ta shiga musu gona, ka ji abin da zai fito daga bakinsu. Sai su ce wa'azin yanzu ne ba shi da ƙarfi kamar na da. Wa'azin lafiyarsa ƙalau, ta wurin da ya bi ne ya kwaso datti.

Muna yin juye, amma ba mu juyo ba. Kalmomin suna kama da juna a baki, shi ya sa muke ruɗin kanmu da su. Juye ana yin sa a ƙofar gida kowa yana gani, har maƙwabta su yaba. Juyowa ga Ubangiji kuwa sai an taɓa abin da yake naɗe ninki-ninki a ciki. Akwai 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya da suke cin Jibin Ubangiji a benci ɗaya, amma ba su gaisa ba tun rabon gonar mahaifinsu. Akwai mata biyu a ƙungiyar mawaƙa, muryarsu tana haɗuwa, idonsu ba ya haɗuwa. Ni mai faɗar nan ban kuɓuta ba. Na taɓa riƙe wani abokin hidima a zuciyata shekara huɗu saboda magana guda da ya faɗa a taron dattawa, ina hawa bagadi duk Lahadi ina koyar da gafara. Ina jin kunyar faɗa, amma haka aka yi.

Wani zai ce, ai ina wanke tawa. Na rage fushi, na daina zancen mutumin, in mun haɗu ina ɗaga masa hannu. Wannan fetur ne da tsumma. Yana gyara baya, ba ya kai wa ciki. Zuciyar da ta sha ƙiyayya da girman kai da ƙarya ba dabarar mutum ce za ta tsabtace ta ba, sai an ba da ita an karɓi sabuwa. Sabuwar kuma ba sayenta za ka yi ba, Mai Ceto ya riga ya saya ya kawo maka har gida. Da yawanmu mun karɓa da hannu biyu, mun yi godiya, mun ajiye a kwali muna jiran ranar da tsohuwar za ta lalace. Ranar nan kuwa ba ta sallama, a tsakiyar tudu take samun mutum.

In kun tambaye ni sau nawa mai bi zai tuba, amsata ita ce ta Dogara. Wataƙila akwai wanda hanyarsa kwalta ce, ni dai ban taɓa haɗuwa da shi ba. Mu tamu burji ce. Kullum muna cikin kasuwa da gona da surukai da maƙwabta, ƙura tana shiga ko ba mu so. Saboda haka duk lokacin da ka zo karɓar maganar Allah, lokacin ne za ka furta abin da ka riƙe, ka sake shi. Kada ka jira ƙarshen shekara, kada ka jira sai an kira masu tuba gaba.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi yi mini nauyi. Mutumin nan shi ne ya ƙi jin magana, amma idonsa biyu lafiya lau har yau. Wadda ta rasa gani ita ce wadda ya ɗauko, wadda ya fi ƙauna a duniya, ita da ba ta taɓa riƙe sifana ba. Muna tsammani abin da muka ɓoye a zuciya namu ne mu kaɗai, ba ruwan kowa. Amma ba wanda yake tafiyar nan shi kaɗai. Kai maigida, matarka da 'ya'yanka suna cikin motarka. Ke uwa, akwai masu koyon addu'a daga bakinki. Kai dattijo, ikkilisiya guda ka ɗauko. Ranar da abin da ka riƙe zai tsayar da kai, su ma a nan dajin za su tsaya, wani kuma a cikinsu ba zai kai baɗi ba.

Yau in an tashi sujada, kafin ka sa hannu a tuwo, je wurin mutumin da sunansa ya faɗo maka a rai tun ina tsakiyar magana. Ka san shi, ba sai na faɗa ba. Ubangiji ya ba mu sabuwar zuciya, ya kuma ba mu tawali'un karɓarta tun da sauran lokaci. Amin.